Neman Maki Ɗaya a Masar

Ranar da na fara ganin filin tanis na ƙasar Masar, na zaci ba a gama gina shi ba. Jar ƙasa ce shimfiɗe, an share ta sumul, an ja fararen layuka a kai, wani dattijo yana yayyafa mata ruwa da tiyo. Na tsaya da jaka a kafaɗa ina duba inda aka jibge buhunan siminti. Da na tambayi dattijon ina ainihin filin da za a yi gasar, sai ya nuna mini ƙarƙashin ƙafata. Wallahi tunda na fara riƙe raket ban taɓa taka komai ba sai siminti.

Sunana Habu, amma a Dutse in ba ka ce Bahago ba, ba wanda zai gane wa kake nufi. A Limawa aka haife ni. Lokacin da aka ba mu jiha aka kwaso ma'aikata daga Kano aka zube mana su a gari, manyan cikinsu sun saba da tanis da yamma, sai suka haɗa kai suka zuba fili ɗaya a bayan gidajen gwamnati. Ina cikin leburorin da suka kwaɓa simintin. Wata rana manyan suka rasa cikon na huɗu a wasa, wani darakta mai suna Alhaji Sule ya miƙo mini raket, ya ce in tsaya can in yi ta maido da ƙwallo. Hannun hagun da na sha ranƙwashi a kansa wajen cin tuwo, ranar ya sami aikin yi. Kafin a je ko'ina na fi ƙarfin kowa a Dutse, na je Kano na ci, na je Kaduna na ci, har aka fara kirana zakaran Arewa, ni ma na yarda.

Abin da ya kai ni Masar maki ɗaya ne tak. Wani attajiri a Kano, aminin Alhaji Sule, ya yi alkawarin zai ɗauki nauyina shekara biyu in zaga gasannin duniya, amma sai ya ga sunana ya shiga jerin 'yan wasan duniya tukuna, ko da a can ƙarshen wutsiya ne. Maki ɗaya ke sa sunan mutum a ciki. Kafin ka same shi, sai ka tsallake wasannin share fage, sannan ka ci wasa ɗaya a cikin gasar sosai. Gasa huɗu aka shirya a garuruwa huɗu, mako bayan mako. A gida kuwa Baba ya riga ya samo mini aikin akawu a ƙaramar hukumar Kiyawa ta hannun wani surukinsa. Shekarar ce ake ta shirin ƙaddamar da shari'a a jiharmu, don haka bakinsa ya ƙara kauri. Ya ce, "Je ka, ban hana ka ba. Amma in ka dawo ba abin da ka je nema, za ka cire ɗan wandon nan ke nan har abada. Ƙato da kai, shekara ashirin da shida, kana tsalle cinya a waje."

Kafin ma in ga filin, an riga an wanke ni. A filin jirgin Alkahira wani dattijo ya tare ni, sanye da rigar wasanni, ga usur a wuya, ga tabon salla baƙi ƙirin a goshi. Ya hango kan raket a jakata, ya ce shi ne Kaftin, masu gasa ne suka turo shi tarbar baƙi. Ya karɓi jakar da kansa, ni kuwa sai jin nauyi nake yi, babban mutum ya ɗaukar mini kaya. A cikin tasi ya shaida mini doka ce, duk raket ɗin baƙo sai an kai shi ofis an auna an buga masa hatimi. Uku na zo da su. Biyu sababbi ne fil da Alhaji Sule ya sayo mini, na ukun tsohon da na saba da shi ne, har fentinsa ya koɗe. Kaftin ya jujjuya tsohon, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ba ya buƙatar hatimi. Zuciyata ta ɗan yi mini wasiwasi, amma yaya zan dubi sa'an babana in ce masa ban yarda da shi ba? Ya sauke ni a ƙofar wani masauki, ya ce gobe da hantsi zai kawo su. Har yau hantsin bai yi ba.

Wasana na farko ba sai na ja labarinsa ba. Takalmana na siminti ne, ƙasansu ya suɗe, duk inda na taka sai in tafi suu kamar an zuba kuɓewa. Ƙwallon da in na doke ta a Dutse sai dai a je a ɗauko, a nan sai ta dira ta yi tsalle ta tsaya tana jiran mutum. Wani yaro da ko gemu bai fara ba ya yi ta wasa da ni, ya aika ni dama, ya aika ni hagu, na fita daga filin ja jir tun daga safa har ƙeya. Wannan kam ci ne na gaskiya, ban da ta cewa.

Ranar Juma'a bayan an sallame, ina neman takalmina a ƙofar masallaci, sai na ji wani a bayana yana cewa, "Kai, wane marar tsoron Allah ne ya taka mini silifa?" Ban san lokacin da na riƙo hannunsa ba. Malam Ubale ne, mutumin Haɗeja, ya daɗe a can yana karatun addini. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai kuma daga ina? Karatu ko neman magani?"

Na ce, "Wasa na zo, Malam."

"Wane irin wasa?"

Na gaya masa. Ya ce, "Ikon Allah. Mutum ya keto hamada don ya doki ƙwallon yara. To taho, ko mahaukaci ma yana cin abinci."

Ya raba ni da masaukin nan mai kuɗin cizo, ya shimfiɗa mini bargo a ɗakinsa. Yana da ɗan ƙullin kuka da busasshen kifin Haɗeja da yake ɓoyewa a bayan littattafai, ba ya taɓawa sai ranar salla. Ranar ya kwance shi. Kwana da kwanaki ina cin wake da burodi safe da yamma har na fara jin haushin mai sayarwa, sai ga ni gaban miyar kuka. Lomar farko da na kai, hawaye ya zubo mini, na ce yaji ne. Malam Ubale ya ce ai bai sa yaji ba, amma in ci gaba.

Daga Alkahira sai Iskandariyya, a jirgin ƙasa. Gari ne a bakin teku, iska mai ɗanshi tana ratsa ƙashi, ga yayyafi ba gaira ba dalili. A can aka haɗa ni ɗaki da Mamadu, wani dogon Bafulatani ɗan Senegal da ya daɗe yana yawon irin waɗannan gasanni. Turancinsa gurgu ne, nawa ma ba lafiyayye ba, sai ɗan Fillancin da na tsinta a wajen masu nono. Da na ce masa "Jam?" ya yi tsalle ya rungume ni kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Shi ya ara mini tsofaffin takalmansa masu zane a ƙasa, na cusa jarida a gaba suka yi mini daidai. Shi kuma ya koya mini cewa a jar ƙasa ba a taka birki, sulalewa ake yi a tarar da ƙwallo. Na sha faɗuwa, amma na iya.

A nan ne babbar matsalata ta fito, kuma sai na yi bayanin yadda muke wasa a Dutse za a gane ta. A filinmu ba alƙali. Wa zai hau kujera ya yanke wa babban sakatare hukunci? Dokar tanis ita ce, in ba alƙali, duk ƙwallon da ta sauka a ɓangarenka kai za ka faɗa: in waje ce ka ɗaga yatsa, in ciki ce ka shimfiɗa tafin hannu. Mu kuwa muna da tamu dokar a kan wannan, wadda ba wanda ya taɓa faɗa da baki. In babba ya ce ƙwallonka waje ce, to waje ce, ko da a tsakiyar fili ta sauka. In tasa ce ta fita da ɗan kaɗan, ba ka ɗaga masa yatsa. Sai ka ɗan rusuna, ka shimfiɗa hannu, ka ce, "Ta yi, ranka ya daɗe." Kara ce, kuma ba ta taɓa cutar da ni ba, don na fi su nesa ba kusa ba, in na ba su goma zan ci ashirin. A Kano da Kaduna kuma akwai alƙali a kujera, ba ruwana da faɗar komai. To a Masar alƙalan ba su isa ba. Sai an kusa ƙarshen gasa ake ɗora mutum a kujera, kafin nan alƙali ɗaya ne ke zagaya filaye, sai an kira shi ya zo.

Aka haɗa ni da wani Bature mai sanƙo da ƙaton wuya, da ganinsa ya ba talatin baya. Na fara cin sa, sai ya fara ɗaga yatsa. Ƙwallo ta sauka kan layi har farin ya tashi, yatsa. Ta sauka taki guda a ciki, yatsa. Ina gani, amma sai in sunkuyar da kai in koma in sake sabis, wato bugun farko. Da ya ga haka sai ya saki jiki, ya daina ma kallon inda ta sauka. Haka ya cinye ni da yatsa ɗaya.

Mamadu ya biyo ni ɗaki kamar zai dake ni.

"Kai makaho ne? Ba ka ga abin da ya yi maka ba?"

"Na gani."

"To me ya hana ka magana? Wannan ƙasar da kake zagi, amfaninta ke nan. Duk inda ƙwallo ta sauka sai ta bar tabo. Ka ce ya nuna maka tabon. In ya ƙi, ka kira alƙali."

Na ce, "Mamadu, mutumin ya girme ni. In ce ya nuna mini, ai na ce masa maƙaryaci ke nan a gaban jama'a."

"Maƙaryacin ne mana!"

"Na sani. Amma bakina ba zai iya ba."

Ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Ya ce shi Bafulatani ne, ba wanda zai koya masa kunya, a garinsu ko sunan yayansa ba ya faɗa. Amma tasa kunyar a gida yake barin ta, tare da rigunan salla. Ya ce waɗannan mutanen ba iyayena ba ne, abincin bakina suka zo ƙwata. Na ji maganarsa sarai, har na ji haushin kaina ya fi na mai sanƙon. Gasa biyu sun tafi, saura biyu.

A Bur Sa'id, gari na uku, na nemi wayar kuɗi na kira ofishin Alhaji Sule, don a unguwarmu ba mai waya. Layin yana ta ƙara kamar ana soya gyaɗa.

"Bahago! Ya ake ciki ne? Mun ji shiru."

"Ranka ya daɗe, ana ta fama. Mutanen nan akwai maguɗi, ƙwallo tana ciki sai su ce..."

"To, to. Ka dai yi haƙuri da su. Ka riƙe ladabinka, kada a ce ɗan Jigawa ya je ƙasar mutane yana rashin kunya. Mutumin Kano ya tambaye ni kai jiya. Babanka ma ya aiko, wai mutanen Kiyawa sun fara ƙorafin kujera ba kowa."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na ajiye wayar, na tsaya ina kallon jiragen ruwa suna wucewa, kamar in kurma ihu. Mutumin da ya ɗora mini ciwon shi ke ce mini in ƙara riƙe shi da kyau, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa.

Mamadu ya ɗauki abin kamar aikin asibiti. Kullum da safe in muna atisaye sai ya riƙa yi mini maguɗi da gangan, ya ɗaga yatsa a kan ƙwallon da ko jariri ya san tana ciki, ya tsaya ya riƙe ƙugu, ba zai ci gaba ba sai na ce ya nuna mini tabo. Da fari a hankali nake faɗa kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta. Ya ce bai ji ba. Na ɗaga murya. Ya ce har yanzu bai ji ba. Ran nan na daka masa tsawar da sai da masu share fili suka waiwayo, ya yi ta dariya har da zama a ƙasa.

Ta kuwa yi amfani. A wasana na biyu a garin, wani mai gemu ya ɗaga mini yatsa, na taka har bakin raga na ce ya nuna tabon. Ya nuna wani tsohon tabo can gefe. Na kira alƙali. Alƙali ya zo ya duƙa, ya duba, ya shimfiɗa hannu. Sama ba ta faɗo ba, ƙasa ba ta tsage ba, mai gemun ma ko a jikinsa. Na ci wasan. Washegari a wasan ƙarshe na share fage, ina kan gaba, igiyar raket ɗina ta tsinke. Ba ni da wani. Mamadu ya jefo mini nasa, mai nauyi kamar taɓarya, na yi ta aika ƙwallo bayan katanga har aka tashi. Ranar na yi wa Kaftin addu'o'in da ba zan maimaita a nan ba.

Saura Aswan. Tafiya ce mai nisa zuwa kudu, jirgin ƙasa yana bin gefen kogi, mutanen da ke shigowa suna ƙara duhu tasha bayan tasha, har na daina zama abin kallo. Da muka sauka na ga manyan duwatsu baƙaƙe a tsaitsaye, ga dabino, ga rana mai dukan tsakar ka, sai na ji kamar an sauke ni a bayan Limawa. Wata tsohuwa mai sayar da zoɓo a bakin kulob ɗin da ake gasar ta riƙa ce mini ɗanta, in na sha kofi ɗaya sai ta ƙara mini rabi. Tunda na zo ƙasar ban taɓa jin jikina ya saki irin na makon nan ba.

Zafin da Turawa ke kuka da shi, ni abincina ne. Suna zuba ƙanƙara a wuya suna haki, ni kuwa ko gezau. An gyara mini raket, na iya sulalewa, bakina ya buɗe. Na share wasannin share fage ɗaya bayan ɗaya, har sau biyu ina kiran alƙali. Sai ga sunana a cikin gasar sosai. Wasa ɗaya ya rage tsakanina da makin.

Wanda aka haɗa ni da shi wani Bature ne daga gabashin Turai, kansa fari fat da furfura, har girarsa. Tafiyarsa a natse, maganarsa a hankali. Ya miƙo mini hannu biyu da muka gaisa, abin da ba wanda ya taɓa yi mini a cikinsu. Mamadu yana nasa wasan a wani filin, don haka ni kaɗai na shiga. Da tsakar rana aka sa mu, na ce alhamdu lillahi.

Mai furfurar nan ya iya wasa, kuma ba ya maguɗi. Akwai ma ƙwallon da na buga na juya ina zaton ta fita, ya kira ni ya nuna mini tabon, ya ce tawa ce. Sai na ji ya ƙara girma a idona. A tanis turmi uku ake yi, wanda ya ci biyu ya ci wasa. Na ci na farko da ƙyar. A na biyu rana ta fara aikinta: fuskarsa ta yi jajir, yana dafa ƙugu tsakanin maki da maki, yana jan numfashi da baki, sak yadda Alhaji Sule ke yi in an kusa magariba. Har tausayinsa na riƙa ji, amma ban sassauta ba. Ana cikin haka na hango Mamadu ya zo ya zauna a benci da tawul a ka.

Muka kai inda ƙwallo ɗaya ta rage mini. In na ci ta, wasa ya ƙare, sunana ya shiga, Kiyawa ta nemi wani akawun. Shi ke da sabis. Ya buga, na mayar, muka yi ta musaya, ina aika masa can bayan hannunsa inda bahago ke wahalar da mutane. Ya gaji, ya ɗaga wata doguwa. Tun tana sama na san ta yi yawa. Na janye raket na bar ta, ta sauka a bayan layi, ta bar tabonta ƙuru-ƙuru, tsakaninsa da farin layin yatsa biyu zai shiga.

Na ɗago kai. Yana tsaye a can ɓangaren, ya dafa gwiwa, furfurar ta jiƙe sharkaf, ya ɗago ido yana dubana, yana jiran in faɗa masa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Sai kawai na ji gwiwata ta ɗan lanƙwashe, hannuna ya shimfiɗu, bakina ya ce da Hausa, a tsakiyar ƙasar Masar, "Ta yi, ranka ya daɗe."

Ihun Mamadu ne ya farkar da ni. Na dubi hannuna, yana nan a shimfiɗe kamar na wani. Na dubi tabon. Na ce a'a, a'a, waje ce, na ɗaga yatsa, na kira alƙali. Ya zo ya tambaye ni abu ɗaya: na shimfiɗa hannu ko ban shimfiɗa ba? Na ce na shimfiɗa, amma ga tabon nan, ya duba da idonsa. Ya ce ba ya buƙatar dubawa, wanda ya bayar ya bayar. Na yi magiya da Turanci, na yi da Hausa, har da ɗan Larabcin salla. Ya duba agogo ya ce a ci gaba.

Daga nan ban ƙara ganin ƙwallo sosai ba, tabon nan kawai nake gani. Duk sanda na koma baya don karɓar sabis sai idona ya kai kansa, har na taka shi da kaina don in huta, bai hana ba. Turmi na biyu ya kuɓuce. A na uku rana ta karkata, iska ta taso daga kogi, mai furfura ya farfaɗo. Ya cinye ni ba tare da ya zalunce ni ko sau ɗaya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don ban sami wanda zan zaga ba.

Na koma gindin wata bishiya a bayan fili na zauna, ban ko cire takalmi ba. Mamadu ya zo ya zauna nesa kaɗan. Can sai ga mai furfura da kwalaben lemo, ya miƙa mana, ya tsuguna a gabana. Ya ce shi daga inda yake bai ga saukar ƙwallon nan ba, amma alƙali ya gaya masa daga baya waje ce. Ya ce tunda yake wasa bai taɓa ganin wanda ya ba da irin wannan ƙwallo a irin wannan lokaci ba. Me ya sa?

Na rasa yadda zan ɗauko masa Dutse da Alhaji Sule da filin siminti in sa a Turancina. Sai na ce, "A garinmu ba a ƙaryata babba. Ka girme ni."

Ya dube ni bai gane ba. Na nuna kansa. Ya shafa furfurar, sai ya yi 'yar dariya ta jin kunya. Ya ce ai ta gado ce, babansa ma tun yana makaranta kansa ya yi fari. Ya tambaye ni shekaruna, na faɗa masa. Ya ce shi watan jiya ya cika ashirin da biyu.

Na waiwaya wajen Mamadu ko zai ce wasa yake yi. Mamadu ya kau da kai, ya ce a hankali, "Gaskiya ne. Tun gasar yara na san shi, da ƙanena suka taso."

Yaron ya dafa kafaɗata, ya ce in yi haƙuri, akwai wata shekarar. Ya tashi ya tafi yana kaɗa jakarsa. Ni dai na san ba ni da wata shekarar, mutanen Kiyawa sun gaji da jira. Na bi shi da kallo har ya sha kwana, lemon yana ɗumi a hannuna. Da a Dutse ne, wannan yaron ko sunana ba zai kira ba sai ya sa Yaya a gaba.